Asabar Takwas a Birnin Rum Daga Wani Aji a Samaru

A ƙarshen daminar da ta wuce wani abokin aikina ya turo mini sanarwa a WhatsApp cewa wata cibiyar karatu da ke Samaru, wadda aka fi sani da shirya yara jarrabawar shiga jami'a da koyar da kwamfuta, za ta buɗe darasi na mako takwas domin manya a kan zaman yau da kullum na mutanen tsohon birnin Rum. Kuɗin shiga naira 15,000 ne, kuma ana zama kowace Asabar daga bayan sallar La'asar zuwa gab da Magariba. Na biya, na halarci bakwai daga cikin zama takwas ɗin, kuma tun da mutane da dama a makarantar da nake koyarwa da ma unguwarmu ta Ƙofar Doka sun tambaye ni ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, na ga gara in rubuta amsar sau ɗaya kowa ya karanta.

Mu kusan ashirin ne a ajin. Akwai ɗaliban jami'a, biyu daga cikinsu masu karatun zanen gine-gine, akwai wani ɗan kwangilar gini, da wata Hajiya da ta yi ritaya daga aikin jinya, da wani dattijon ɗan kasuwa daga Sabon Gari wanda kowa ke kira Alhaji kawai. Malamin matashi ne da ya karanta tarihi, kuma da Hausa yake koyarwa. Abin da ya fara yi shi ne raba mana Rumawa gida biyu, domin yawancinmu Rumawan da muka sani su ne na Suratur Rum, wato na gabas, masu hedkwata a Kustantiniyya, waɗanda Manzon Allah (SAW) ya aika wa sarkinsu Hiraƙla wasiƙa, kuma daularsu ta kai har 1453. Darasin kuwa ya shafi magabatansu ne na birnin Rum da ke Italiya, wanda al'adarsu ta ce an kafa shi a shekara ta 753 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wanda Agustus ya zama babban sarkinsa na farko a shekara ta 27 kafin haihuwar, kuma sarautarsa ta yamma ta faɗi a 476 Miladiyya. Jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe bai ci minti ashirin ba. Ya ce duk wanda ya zo domin labarin yaƙi ya karɓi kuɗinsa tun da wuri, shi abin da zai koyar shi ne inda Barume yake kwana, da abin da yake ci, da wanda yake durƙusa wa da safe. Wannan zaɓi shi ne babban alherin darasin, kuma ya riƙe shi har ƙarshe.

Zaman da ya fi burge ni shi ne na gidaje. Malamin ya zana tsarin gidan mai hali na Rum a rabin allo, ya zana na gidan gargajiya na cikin birnin Zazzau a ɗaya rabin, da zaurensa da ƙofar gida da shigifa da cikin gida. A gidan Barume, idan ka wuce ƙofa sai ka faɗa wani babban falo mai buɗaɗɗen rufi a tsakiya, da kwarmi a ƙasa wanda ruwan sama ke taruwa a ciki ya gangara rijiyar ajiya, kuma a can ƙuryar falon ne ɗakin da maigida ke zama yana karɓar mutane. Kowace safiya, tun kafin rana ta ɗaga, mabiyansa suna hallara a ƙofa sanye da mayafin nan nasu na ulu da ake kira toga, a shigar da su bisa darajarsu, su yi gaisuwa, wani ya kai kukan shari'a, wani na bashi, a sallami kowa da ɗan kwandon abinci ko 'yan kuɗi, sannan wasunsu su rufa wa maigida baya zuwa dandalin gari domin a ga yawan jama'arsa. Malam bai rufe baki ba Alhaji ya ce, “Malam, ai wannan fadanci ne tsagwaronsa.” Aka yi dariya, shi kuma ya ce, “Allah ya ƙara girma, Alhaji, ka rage mini aiki.” Amma bai tsaya a kan kamannin ba, kuma a nan na fara ganin ya san abin da yake yi. Ya ja layi daga ƙofar gidan Barume zuwa kujerar maigida, layin ya tafi sak babu abin da ya tare shi, ta yadda mai wucewa a titi zai hango mai gidan zaune da dukiyarsa kewaye da shi. Ya ja irin layin a gidanmu, sai ya karye tun a zaure, domin magininmu da gangan yake kaucar da ƙofofi kada idon baƙo ya kai cikin gida. Gidan Barume an gina shi domin a gani, namu an gina shi domin sutura, alhali dukansu biyu suna karɓar masu gaisuwa da safe. Na shekara fiye da arba'in ina shiga zaure ina fita, ban taɓa tsayawa na yi tunanin karkatar ƙofarsa ba sai ranar.

Daga nan ya gargaɗe mu cewa irin wancan gida na 'yan tsiraru ne. A zamanin Agustus mutanen birnin sun kai kimanin miliyan ɗaya, kuma mafi yawansu a benayen haya suke, masu hawa huɗu, biyar ko shida, har sai da sarkin ya kafa doka cewa kada gini ya wuce ƙafa 70 ta awonsu, wato wajen mita 20. Shaguna ne a ƙasa, masu ɗan ƙarfi a hawa na farko, kuma gwargwadon talaucin mutum gwargwadon nisansa da ƙasa, domin can sama babu ruwa, babu makewayi, ga matakala, ga haɗarin gobara daga kaskon gawayi da fitilar mai. Agustus ya kafa rundunar 'yan kwana-kwana da sintirin dare a shekara ta 6 Miladiyya, amma hakan bai hana babbar gobarar shekara ta 64 a zamanin sarki Nero cinye yawancin unguwannin birnin ba. Dare kuma ba lokacin hutu ba ne, tun da an hana yawancin amalanke shiga gari da rana, sai duhu ya yi su kwararo da kaya. Wani ɗalibi da ke haya kusa da Kwangila ya ce ya fahimci wannan sashe fiye da kowa.

A mako na uku malamin ya zo da kwanuka. Ya kawo wani irin fate mai kauri na alkama, wanda shi ne tsohon abincin talakan Rum kafin burodi ya yawaita, da burodi marar sukari, da 'ya'yan zaitun, da zuma, da ƙaramar kwalba ta romon kifi irin na ƙasashen Asiya da ya ce shi ne mafi kusa da garum, wato ruwan da Rumawa ke tatsa daga kayan cikin kifi da aka cakuɗa da gishiri aka shanya a rana na tsawon makonni har ya ruɓa. Ana buɗe kwalbar kowa ya toshe hanci. Hajiya ce kaɗai ta ɗanɗana, ta ce, “Ku da kuke cin daddawa kullum, me kuke wa yanga?” Gaskiya ta faɗa, aikinsu ɗaya ne a tukunya: abu mai wari a hannu, mai daɗi a miya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jerin abubuwan da babu su a kicin ɗin Barume, domin ba su san tumatir ba, ba su san dankali ko masara ko barkono ba, duk waɗannan daga nahiyar Amurka suka fito bayan ƙarnoni masu yawa, zaƙinsu zuma ce, yajinsu kuma masoro ne da jiragen ruwa ke kawowa daga Indiya. Karin kumallo ɗan taɓawa ne, babban abinci kuwa ana cinsa wajen sa'a ta tara ta lissafinsu, kusan La'asar ɗinmu, tun da su rana suke rabawa kashi 12 daga hudowa zuwa faɗuwa, saboda haka sa'arsu takan miƙe da bazara ta kuma taƙure da sanyi. Malamin bai yi kwana-kwana a kan giyar inabi da naman alade ba, ya faɗa kai tsaye cewa su biyun suna tsakiyar cimarsu, kuma na yaba masa da bai ɗauke mu yara ba.

Inda ya nuna ƙwarewa a wannan zama shi ne yadda ya ɗaure kwanon talaka da siyasar daula. A zamanin Agustus mutum kusan 200,000 ne ke karɓar alkama kyauta daga hukuma, kowanne kimanin kilo 33 a wata, kuma alkamar daga Masar da arewacin Afirka take zuwa ta teku, a sauke a bakin kogin Taiba wajen Ostiya, a hau da ita birni. Idan jiragen suka makara, sarki ba ya barci. Ya nuna mana hoton wani tudu da har yau yake tsaye a Rum, mai tsawon kusan mita 35, wanda ba ƙasa ba ce ko dutse, tsingaron tulunan man zaitun ne miliyoyi da aka fasa aka jibge, yawancinsu daga kudancin Sifen. Mu da muka saba ganin juji ya zama tudu a bayan unguwa mun gane yadda abin yake faruwa, girmansa ne kawai ya wuce tunani. Ya kuma kai mu Fompeyi, garin da dutsen Besubiyus ya yi aman wuta ya binne a shekara ta 79, inda aka tono burodi da ya ƙone a cikin tanda, da shagunan abinci da dama masu kanta da manyan tuluna dase a cikinta, domin mai haya a saman bene ba shi da murhun kirki, a bakin titi yake cin abincinsa kamar yadda leburanmu ke zama a teburin mai shayi.

Zaman ruwa kuwa ya zo mana a makon da famfon layinmu ya cika wata biyu bai ɗiga ba, don haka da wani irin kunne na saurare shi. Rumawa sun gina magudanar ruwa ta farko zuwa birni a shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma a ƙarshe suka kai 11. Ɗaya daga cikinsu, wadda aka fara a shekara ta 144 kafin haihuwar, tana ɗauko ruwa daga tazarar kilomita kusan 91. Babu inji, babu famfon turawa, gangara ce kawai da aka auna da hankali ta yadda ruwa zai yi ta tafiya da kansa dare da rana, yawancin hanyar a ƙarƙashin ƙasa, sai inda kwari ya gitta a ɗora shi bisa jerin bakuna, wato gine-gine masu lanƙwasa irin bakan gizo. Ruwan yana fita a wuraren ɗiba na jama'a a mararrabar tituna ba tare da an kashe ba, talaka ya ɗiba kyauta, mai hali kuma ya nemi izinin ja zuwa gidansa. Frontinus, wanda aka naɗa shugaban ruwan birnin a shekara ta 97 Miladiyya, ya bar rubutu yana kuka da masu huda bututu a ɓoye da ma'aikatan da ke haɗa baki da su. Da aka zo nan ajin ya yi tsit, sannan aka fashe da dariya gaba ɗaya, ba wanda ya bukaci ƙarin bayani. Ni dai da na koma gida na tarar da ɗan ga-ruwa yana sauke jarkoki a ƙofa, sai da na daɗe ina kallon kurarsa.

Ɗan kwangilar nan ya tambayi yadda bakunansu suka bambanta da bakan gizo na magina Hausawa, kamar waɗanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Malamin ya amsa da kyau: namu azara ce ake jerawa tana ɗan zarce juna a lulluɓe ta da ƙasa, nasu kuwa duwatsu ne ko tubali da aka yanka ta yadda kowanne ke danne maƙwabcinsa, nauyin ya sauka gefe biyu. Suna kuma da wani kankare da suke haɗawa da farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta, wanda da shi aka zuba ƙubbar haikalin Fantiyon a zamanin sarki Hadiriyan, mai faɗin mita 43, kuma har yau tana tsaye babu rodi ko ɗaya a cikinta. Ɗan kwangilar ya rubuta wannan adadi, ya ja masa layi biyu.

Game da gidajen wanka, ya bayyana yadda ake hura wuta a ƙarƙashin daɓe zafi ya ratsa ƙasa da bango, mutum ya bi ɗaki mai ɗumi zuwa mai zafi ya ƙare da ruwan sanyi, ya shafe jiki da man zaitun a kankare masa dauɗa da wani lanƙwasasshen ƙarfe, domin ba da sabulu suke wanka ba. Kuɗin shiga shi ne kwabo mafi ƙanƙanta, wanda sai ka tara 64 kafin ka haɗa dinari ɗaya na azurfa, a lokacin da albashin soja yake dinari 225 a shekara. Babban gidan wankan sarki Karakalla da aka buɗe a 216 yana ɗaukar mutum wajen 1,600 a lokaci guda, da filin motsa jiki da ɗakunan karatu. Hajiya ba ta bari an tafi da yabo kaɗai ba. Ta tambayi sau nawa ake sauya ruwan da ɗaruruwan mutane ke shiga da miki da ƙuraje, ta kuma tambayi batun makewayinsu na jama'a inda ake zama a jere babu shamaki. Malamin ya amince cewa yawan ruwa bai sa sun tsira daga cututtuka ba, kuma mutuwar ƙananan yara ta yi yawa ƙwarai a cikinsu. A wannan aji ɗalibai sun ƙara wa darasi daraja, kuma shi ya iya ba su fili.

Yanzu sai in zo inda nake da ƙorafi, kuma ƙorafin daga wancan alherin ya tsiro. Dabarar kwatanta komai da abin da muka sani tana sa mutum ya gane da sauri, amma idan aka matsa mata sai ta mai da Rumawa tamkar 'yan wata unguwa da ke bayan ganuwa. A batun iyali dabarar ta yi aiki daidai gwargwado. Suna raɗa wa mace suna a rana ta takwas, namiji a ta tara, suna rataya wa yaro wata laya a wuya har ya balaga, yara suna sammakon zuwa wurin malami da allon katako da aka shafe da kakin zuma suna rubutu da tsinken ƙarfe, ga bulala a gefe. Duk wanda ya yi makarantar allo zai yi murmushi. Amma ikon uban gida a dokar Rum ya wuce duk abin da muka sani: ɗansa ko da ya yi furfura ba ya mallakar dukiya ta kansa muddin uban yana raye bai sake shi ba, kuma jaririn da uban bai karɓa ba ana iya ajiye shi a waje a bar shi, ko ya mutu ko wani ya tsince shi ya raine shi bawa. Sai da na ɗaga hannu na tambaya kafin aka taɓo wannan. Mata kuma rabin sa'a kacal suka samu a cikin mako takwas, alhali akwai abin faɗa da yawa: ba a yi musu kulle, suna gado, suna mallakar dukiya da kasuwanci, amma ba su jefa ƙuri'a ba su riƙe muƙamin mulki, doka ta yarda a aurar da yarinya tun tana shekara 12, kuma dangin amarya ne ke kai dukiyar aure gidan miji. A Fompeyi wata attajira mai suna Yumakiya ta gina katafaren gini a bakin dandalin gari da kuɗinta, sunanta yana rubuce a jikinsa. Kusan rabin ajin mata ne, sun cancanci fiye da abin da aka ba su.

A kan bauta ne abin ya fi damuna. Malamin ya jaddada cewa Rumawa suna yawan 'yanta bayi, kuma wanda ɗan ƙasa ya 'yanta bisa ƙa'ida yakan zama ɗan ƙasa, wasunsu har su yi arziki. Wannan gaskiya ne. Ya kawo kwatancen rinji da bayin sarki a tarihinmu, abin da ya nuna ba ya tsoron taɓa namu tabon. Sai dai ya bi ta kan ɗaya fuskar da gudu, ta bayin gonaki da ake ɗaurewa da mari, da na ramukan haƙar ma'adinai da ba su daɗewa a raye, da dokar da ta ce ba a karɓar shaidar bawa a kotu sai an gana masa azaba. A shekara ta 61 Miladiyya wani bawa ya kashe ubangidansa, wanda shi ne shugaban birnin, sai aka kashe bayin gidan su 400 bisa tsohuwar doka, duk da cewa talakawa sun fito suna roƙon a yi sassauci. Bayan an murƙushe tawayen bayi da Sipartakus ya jagoranta a shekara ta 71 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutum 6,000 aka gicciye a gefen babbar hanyar Afiya. Wanda ke hura wutar gidan wankan da muka yi ta sha'awa bawa ne, yana ƙarƙashin daɓe cikin hayaƙi. Haka kuma da aka zo filin Kolosiyam, wanda aka buɗe a shekara ta 80 Miladiyya kuma yake ɗaukar 'yan kallo wajen 50,000, sai ya kwatanta masu faɗan takobi da 'yan dambe. Na ce masa, “Malam, a gafarce ni, ɗan dambe da ƙafarsa yake shiga fili, kuma kisan da ake cewa ya yi, kayar da abokin karawa ne ƙasa.” Ya karɓi gyaran cikin ladabi, ya ƙara da cewa a tsakiyar rana har waɗanda aka yanke wa hukunci ake jefa wa namun daji jama'a na kallo. Kwatancen da ya dace ya zo ne a tseren keken doki, wanda ya fi faɗan takobi farin jini, a filin da ke ɗaukar mutum fiye da 150,000, inda magoya bayan Kore da Shuɗi da Ja da Fari ke gaba da juna kamar yadda ake yi a gidajen kallon ƙwallo na Tudun Wada ranar babban wasa.

Afirka kuma an bar ta sai zama na ƙarshe, aka cusa ta cikin minti arba'in tare da rabon takardar shaida. Ga mai koyar da wannan darasi a Zariya, wannan asara ce. Gaba dayan gaɓar arewacin nahiyarmu tana cikin daular, ita ke ciyar da birnin, kuma Saftimiyus Sabirus da ya yi sarauta daga 193 zuwa 211 haifaffen Labda ne a Libiya ta yau, garin da kufansa ke cikin mafi kyawun abin da Rumawa suka bari. A Aljeriya akwai Timgad da sarki Tarajan ya kafa wajen shekara ta 100, titunansa a miƙe kamar an ja su da zare. A kudu da su, cikin Fezzan da ke hamadar Libiya, akwai Garamantawa da suka haƙa hanyoyin ruwa a ƙarƙashin hamada suna ciniki da Rumawa, a kan yankin da ayarin fatake daga ƙasar Hausa da Barno suka riƙa ratsawa zuwa Tarabulus bayan ƙarnoni. Har a bakinmu akwai sawunsu: dinari daga sunan kuɗinsu ya samo asali ta hanyar Larabci, ko da yake nasu na azurfa ne na Musulunci kuma na zinariya, watan Yuli sunan Yuliyus Kaisar ne wanda ya gyara kalandarsu, Agusta na Agustus ne, kuma masana harshe suna mai da kalmar takarda zuwa ga kalmar Latin da ta iso mu ta bakin Buzaye. Da ni ne, da wannan zan buɗe darasin.

Ta fuskar tsari, cibiyar tana da gyara. Kujerun na 'yan sakandare ne masu haɗe da tebur, Alhaji sai da aka nemo masa kujerar roba daga ofis. Sau uku wuta ta ɗauke ana tsakiyar nuna hotuna, kuma janaretan yana dab da taga, idan aka tayar da shi na baya ba ya jin malami. Takardun da aka raba da Turanci suke alhali da Hausa ake koyarwa, hotunan cikinsu kuma sun dushe a wurin kwafi har ba a bambance taswira da tabon tawada. Ba a taɓa farawa a kan lokaci ba, domin sai an jira 'yan ajin jarrabawa sun fita, abin da ya sa kiran sallar Magariba ke yanke tambayoyi a daidai lokacin da suka fara daɗi. A gefe guda, akwai wurin alwala da salla mai tsabta, an keɓe wa mata layin kujeru ba tare da an tura su baya ba, kuma da na rasa zaman addini da bukukuwa saboda ɗaurin aure a Giwa, malamin da kansa ya turo mini muryar darasin a waya ba tare da na roƙa ba. Takardar shaidar da ake bayarwa ta halarta ce kawai, kada wani ya sa ran za ta yi masa amfani wurin neman aiki. Mai zuwa daga cikin birni ya sa kuɗin mota na zuwa da dawowa a lissafinsa, domin a mako takwas ya kusa kai rabin kuɗin darasin.

Malamin makaranta da ke koyar da tarihi ko zamantakewa zai sami abin shiga aji da shi tun daga makon farko, haka ma ɗalibin gine-gine da duk wanda ke jin sunan Rumawa a tafsiri yana son sanin su wane ne magabatansu. Wanda ya riga ya yi karatu mai zurfi a fannin zai ga an yi sama-sama a wurare. A nawa lissafin, zaman gidaje da na ruwa su kaɗai sun fanshi kuɗina. An sanar da cewa za a sake zagaye na biyu bayan ƙaramar salla, kuma kafin mu watse mun rubuta wa masu cibiyar buƙatu uku muka sa hannu: a fassara takardun zuwa Hausa, a ba mata da bayi zama guda-guda cikakke, a kuma matsar da janareta bayan gini. Alhaji ya ƙara ta huɗu da bakinsa, cewa idan za a sake kawo kwalbar romon kifin nan a buɗe ta a tsakar gida.